Yadda Ake Saƙar Faro a Dabon Karta

Saƙar faro ita ce a raba karta 52 gida biyu daidai, 26 da 26, a saƙa su ɗaya bayan ɗaya. Mai kallo yana ganin an cakuɗa, alhali mai dabo ya san inda kowace karta ta faɗa.

Samu sabuwar karta mai santsi, ka cire joka. Tsohuwar da gefenta ya kumbura ba za ta saƙu ba, kada ka wahalar da kanka.

Daidaita gefunan su yi sumul. Riƙe da hagu, ka ɗaga rabi da babban yatsan dama. Da farko ka haddace karta ta 26 don ka riƙa dubawa, har ido ya saba da kaurin.

Sai saƙar kanta, inda yawancin masu koyo ke tuntuɓe. Haɗa gajerun gefunan ɓangarorin biyu, kusurwa ta fara taɓa kusurwa. Ɗora manunin dama a mahaɗar don kada su zame. Matsa kaɗan, kana ɗan goga ɗaya a jikin ɗaya, za ka ji suna shiga da kansu kamar haƙoran zif. Ƙarfi ne ke ɓata aikin: in ka danna sosai, biyu-biyu za su shiga, gefuna su lanƙwashe. In sun ƙi, kifa kartar ka gwada ta ɗaya fuskar, domin wuƙar masana'anta tana barin gefen da ɗan karkata.

Saƙar iri biyu ce. A saƙar waje, kartar sama tana nan a sama, kuma sau 8 a jere yana mayar da kartar tsarinta na farko. A saƙar ciki, ta sama tana komawa ta biyu, sai an yi 52 kafin tsarin ya dawo.

Dabarar Alex Elmsley, mai dabo ɗan Birtaniya, ta fi burge ni. Kana son kartar sama ta koma ta 7? Cire ɗaya, saura 6. Rubuta 6 a lissafin kwamfuta na 0 da 1, wato 110. Kowane 1 saƙar ciki ne, 0 kuwa ta waje. Yi ciki, ciki, waje, ka ƙirga daga sama: tana ta 7. Kuskuren karta ɗaya a rabon farko yana iya rushe lissafin, don haka duba rabon kafin kowace saƙa.