Yadda na gyara sifirin da ya ƙi riƙe tururi

Alhamdu lillahi, bawul ɗin kariya na ƙaramin injin tururin da nake haɗawa, wato wanda ke sakin tururi idan matsi ya yi yawa, ya daina buɗewa tun matsi bai kai ba. Zanen injin ya ce a naɗa sifirin (spring) da ke danne ƙwallon bawul ɗin da waya mai kauri lamba 20, kuma lamba 20 na saya, amma sifirin ya fito lagwai-lagwai.

Na goge mazaunin bawul, na sake ƙwallon, na rage wa sifirin zagaye ɗaya. Duk a banza.

Da na sa wayar a maikiromita, na'urar auna kauri, sai ta nuna milimita 0.81. Ashe lamba 20 ta AWG ce, ma'aunin Amurka, alhali zanen na Ingila ne, wato SWG. A jadawalin SWG lamba 20 inci 0.036 ce, ninka da 25.4, ka samu milimita 0.914. Tazarar kamar ba komai, amma ƙarfin sifirin yana bin kaurin waya ne a ninka shi da kansa sau huɗu, don haka siririyar ta rasa kusan kashi 38 cikin ɗari.

Sai na nemi wayar sifirin mai milimita 0.9, na naɗa a kan sandar da na naɗa ta farko, na mayar da yawan zagaye yadda zanen ya ce. Na hura wuta, ina ɗaure murfin bawul da rubu'in juyi kowane lokaci ina kallon agogon matsi, har ya buɗe daidai kan jan layin da ke nuna iyakar matsi.

Yanzu kowace lambar waya a zanen na rubuta milimitarta a gefe da fensir, da ita nake oda. Na gode wa abokin da ya ara mini jadawalin.