Feshin darbejiya, Aflasafe da maganin nano: inda manoma suke kuskure

Kuskuren da ya fi cinye amfanin gona shi ne jira. Sai manomi ya ga ganyen gyaɗa ya cika da baƙin ɗigo, ko farar hoda ta lulluɓe ganyen kabewa, sannan ya tashi neman man darbejiya ko jiƙon tafarnuwa. A lokacin kuwa fumfunar da ke jawo cutar ta riga ta shige cikin ganyen. Waɗannan magunguna rigakafi ne, suna hana ƙwayar cutar tsirowa, amma ganyen da ya kamu ba ya warkewa. A fara feshi tun da damina ta kankama, raɓa tana kwana a ganye, a kuma tsinke wanda ya lalace a ƙone shi nesa da gona.

Feshin tsakar rana ma asara ce. Hasken rana yana lalata sinadarin darbejiya cikin 'yan kwanaki, mai kuma yana ƙona ganye idan zafi ya yi yawa. A bari sai la'asar sakaliya. A narka ɗan sabulu a ruwan kafin a zuba man, domin in babu shi man zai taso sama, farkon tanki ruwa zalla, ƙarshensa tsagwaron mai. A ɗaga bakin famfo ya jiƙa ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan ruwan sama.

Ba kowace ɓarna ce ta fumfuna ba. Tuta absoluta da ta kassara tumatir a Kano da Kaduna a 2016 tsutsa ce, maganin fumfuna ba ya taɓa ta.

Inda abin ya fi damuna shi ne Aflasafe, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don rage aflatoksin, gubar da fumfuna ke zubawa a masara da gyaɗa. Dawa ce da aka kashe ƙwayarta, aka rina ta shuɗi, aka shafa mata nau'in fumfunar Aspergillus flavus marar guba, wanda ke mamaye gona ya hana mai gubar wurin zama. Abu ne mai rai, don haka ba a yi masa abin da ake yi wa taki. Ana watsa kilo 10 a kowace hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, a kan ƙasa mai laima. Wanda ya watsa sannan ya dawo ya yi noma ko huɗa, ya binne kuɗinsa. A gama ciyawa da zuba taki tukuna. Kuma Aflasafe ba ya ɗauke wa kowa shanya amfani ya bushe sosai a kan tamfol. Gubar aflatoksin ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004 ta hanyar masara.

Fasahar nano, wato sarrafa abu zuwa ƙwayoyin da ido ba ya iya gani, tana ƙoƙarin magance raunin magungunan tsirrai ne: a naɗe mai irin na darbejiya a cikin ƙananan ƙwayoyi na citosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa, ya riƙa fita a hankali, rana ba ta saurin lalata shi. Tunanin mai kyau ne, sai dai yawancinsa yana matakin gwaji. Kuskure ne a ɗauka cewa duk kwalbar da aka rubuta wa nano ba ta da illa. Wanda ke da jan ƙarfe a ciki, in aka yawaita shi, jan ƙarfen yana taruwa a ƙasa. A duba lambar NAFDAC, a auna da ma'aunin da aka rubuta, a gwada a kunya biyu ko uku kafin a bi gona duka.