Yadda Za Ka Kalli Fim Ɗin Carmen Jones Ka Gane Tushensa

Kafin ka zauna kallon Carmen Jones, wanda Otto Preminger ya ba da umarninsa a Amurka a 1954, ka fara nemo waƙoƙi biyu daga wasan opera (wato wasan kwaikwayon dandamali da ake rera shi da waƙa) na Carmen, wanda Bafaranshen nan Georges Bizet ya tsara kiɗansa, aka fara nuna shi a birnin Paris a 1875. Ka saurari Habanera da waƙar mai wasa da bijimi har su zauna maka a kunne, domin karinsu ne za ka sake ji a cikin fim ɗin, da baitocin Turanci da Oscar Hammerstein ya rubuta don dandamalin wasan kwaikwayo na Broadway da ke New York a 1943.

Daga nan sai ka riƙa lura da abin da aka sauya. An ɗauke labarin daga Sifaniya aka kai shi kudancin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antar taba ta koma masana'antar laimar saukowa daga jirgin sama, mai wasa da bijimi kuma ya zama ɗan dambe Husky Miller. Kishin da ya kai sojan nan Joe ga kashe Carmen yana nan yadda yake.

Abin da ya fi cancantar ka kasa kunne a kansa shi ne muryoyi. Dorothy Dandridge da ta fito a matsayin Carmen da Harry Belafonte da ya fito a matsayin Joe dukkansu mawaƙa ne, amma an ga cewa kiɗan Bizet yana buƙatar muryar da ta samu horon opera, sai Marilyn Horne ta rera wa Dandridge, LeVern Hutcherson ya rera wa Belafonte. Wanda ya saba da finafinan Indiya da na Kannywood ba zai ga baƙon abu a nan ba. Ka maimaita fitowar Carmen ta farko a ɗakin cin abinci, ka kwatanta muryar maganarta da ta waƙarta, sannan ka saurari Pearl Bailey, wadda ta rera waƙarta da bakinta. A ganina tata ce ta fi ratsa jiki.

Ka kunna rubutun ƙasan allo, saboda an rubuta baitocin ne da kwaikwayon karin harshen baƙaƙen fatar kudancin Amurka, abin da wasu masu sharhi suka soka. Ka kuma nemi kwafin da bai datse gefen hoton ba, domin an ɗauki fim ɗin da faffaɗan tsarin CinemaScope, kuma a cikinsa ne za ka ga cikakken wasan da ya sa Dandridge ta zama baƙar fata ta farko da aka sa sunanta a takarar lambar Oscar ta gwarzuwar jaruma.