Yadda Ake Rubuta Labarin Al'ummar da Ta Faɗa Ƙangi Har Mai Karatu Ya Gaskata

A cikin ƙagaggun labarai akwai rukunin da manazarta adabi suke kira distofiya, wato labarin al'ummar da tsarin zamanta ya rikiɗe ya zama ƙangi, inda hukuma ko kamfani ko wata aƙida ta danne jama'a har ya zama ko motsi sai da izini. An raɗa masa wannan suna ne a matsayin kishiyar Utofiya, tsibirin adalci da wadata da marubucin Ingila Thomas More ya ƙago a littafinsa na 1516. Kuskuren da marubuci ya fi saurin faɗawa ciki a wannan fage shi ne ya ɗauka cewa yawan azaba ke sa labari ya yi nauyi, sai ya cika shafuka da mugun shugaba da kisa da kurkuku, mai karatu kuwa ya wuce su kamar tatsuniyar dodo, gabansa bai faɗi ba ko sau ɗaya. Abin da ke tayar masa da tsikar jiki shi ne ya lura cewa tazarar da ke tsakanin unguwarsu da garin da ke cikin labarin ba ta da yawa.

Saboda haka ka fara da abin da ya taɓa faruwa. Margaret Atwood, marubuciya 'yar Kanada, ta sha bayyana cewa sa'ad da take rubuta littafinta The Handmaid's Tale da ya fito a 1985, labarin ƙasar da hukuma ke tilasta wa mata haihuwa, ta ɗora wa kanta sharaɗin ba za ta saka wani zalunci ba sai wanda 'yan Adam suka taɓa aikatawa a wani wuri, kuma tarihi bai rage ta da komai ba, domin a Romaniya gwamnatin Ceausescu ta kafa doka a 1966 wadda ta mayar da haihuwa harkar hukuma. Marubucin Birtaniya George Orwell ma bai je nesa neman kayan aiki ba. Ya yi aiki a BBC lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga yadda ake tace labari kafin a watsa shi, ya kuma zauna a Birtaniyar da aka fara rabon burodi da kati a 1946, shi ya sa birnin da ke cikin littafinsa na 1949, mai suna 1984, yake warin dafaffen kabeji, lif ɗin hawa bene ba ya aiki, reza kuma sai an sha wahala kafin a same ta. Marubucin Hausa yana da nasa rumbun. Wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya, ya san yadda mutum yake shiga mota ya tsallaka wata jiha don kawai ya shaida wa ɗan'uwansa cewa an yi haihuwa. Wanda ya bi layin banki a farkon 2023, da kuɗinsa a asusu amma babu takardar naira a hannu, ya ga yadda mai tumatir take ƙin ciniki domin ba ta da wayar karɓar tiransifa. Ka ɗauki abu ɗaya irin wannan, ka tambayi kanka yaya gari zai koma idan ya ɗore shekara ashirin.

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi cin lokaci, kuma a ganina nan ake gane marubucin da ya yi aiki. Zalunci ba ya tafiyar da kansa. Yana buƙatar ma'aikata da albashi da fayil da wanda zai buga hatimi. Hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, Stasi, tana da ma'aikata kimanin 90,000 a 1989, ban da masu kai rahoto a ɓoye fiye da 170,000, a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 17 ba, kuma da aka buɗe fayilolin bayan haɗewar Jamus wasu sun tarar da cewa maƙwabci ne ko aboki, wani lokaci ma miji, yake rubuta rahoto a kansu. To, ka zauna ka tsara naka tsarin da irin wannan natsuwa.

Mu ɗauka labarinka a kan wani birni ne da fari ya daɗe yana gallaba, har hukuma ta karɓe dukkan rijiyoyi ta yanke wa kowane mutum jarka ɗaya a rana, da kati. Kada ka yi gaggawar kawo sojoji. Ka fara tambayar inda 'yan garuwa suka koma da kurarsu, da wanda yake riƙe da jerin sunayen gidaje, domin idan mai unguwa ne, to daga ranar gaisuwar da ake yi masa ta canza. Ka duba yadda ake alwala a masallacin unguwa, da yadda mai jego take samun ruwan wanka, da nawa ake sayar da rabin jarka a bayan fage. Sannan ka kai mai karatu wani gida da tsohuwa ta rasu da asuba, 'ya'yanta suka rufe ƙofa suka haɗiye kukansu, suna shawarar ko su binne ta a ɓoye cikin dare don kada a soke katinta. A al'ummar da ake sanar da rasuwa nan take, maƙwabta su taru a yi sutura a kai mamaci makwancinsa, wannan shiru ɗaya ya fi gawa ɗari a kan titi tayar da hankali, kuma babu bindiga ko ɗaya a cikinsa.

Dole ne kuma tsarin ya zama yana ba mutane wani abu, in ba haka ba mai karatu zai tambayi dalilin da ya sa ba su tayar da ƙayar baya tun tuni ba. Wataƙila kafin katin ruwa an yi shekarun da ake kashe juna a bakin rijiya, dattawan da suka ga wancan zamani kuma suna gode wa hukuma da zuciya ɗaya. Ka ba irin wannan dattijo baki, ka bar hujjarsa ta yi ƙarfi, kada ka mayar da shi wawa.

Wajen sarrafa harshe, ka tuna cewa hukuma ba ta kiran mugun abu da sunansa. Soke katin gida za ta kira shi “daidaita rabo”, a rediyo kuma za a sanar da ragi da muryar albishir. Jama'a su ma suna da nasu sunayen, kamar yadda baƙaƙen Afirka ta Kudu suka raɗa wa takardar izinin zirga-zirga suna “dompas”, wato takardar wauta, a zamanin wariyar launin fata. Hausa tana da habaici da zambo da waƙar 'yanmata a dandali, kuma baiti biyu da yara suke rerawa a kan mai raba kati sun ishe ka nuna abin da manya suke tsoron furtawa. Sababbin kalmomi uku ko huɗu sun wadatar, idan suka yi yawa labari ya koma ƙamus.

Babban tauraronka kuwa ya fi kyau ya zama yana cin abinci a cikin tsarin, misali akawun da yake soke katunan da hannunsa, yana da mata da 'ya'ya da mahaifiya mara lafiya. Wanda aka haifa jarumi ba ya koya wa mai karatu komai, amma wanda ya yi shekara goma yana kawar da kai, sai ranar da sunan gidan ƙanwarsa ya zo teburinsa, za a bi shi har shafin ƙarshe. Kada ka buɗe littafi da dogon tarihin yadda duniya ta lalace. Mutumin da aka haifa cikin wannan hali ba ya yi wa matarsa bayanin abin da dukansu suka sani, don haka ka bar mai karatu ya tsinci tarihin kaɗan-kaɗan daga sanarwar bango da tsegumin layin famfo. Haka nan wajen rufe labari, idan ka shafe babi ashirin kana nuna ƙarfin hukuma, saurayi ɗaya ba zai rushe ta a dare ɗaya ba, nasarar da ta dace da shi tana iya zama ta kati ɗaya da ya ƙi sokewa, tare da abin da hakan ya jawo masa.

Idan ka kammala rubutun farko, ka ba wani wanda bai san shirinka ba ya karanta, sannan ka tambaye shi abin da mutanen garin suke ci da safe, da wanda suke tsoro a layinsu, da abin da suke yi ranar sallah. Duk tambayar da ya kasa amsawa, ka koma babin da ya kamata amsar ta fito ka sake gina shi.