Ku ɗauki hoton kwalbar maganin ƙwari tun ranar da kuka saya

'Yan uwa na Agege, Mile 12 da Idi-Araba, duk maganin sauro ko kyankyaso da kuka sayo, ku ɗauki hoton takardar jikinsa a waya, wajen da aka rubuta sinadarin. Kar ku yage ta.

Idan yaro ya sha, Allah ya kiyaye, abin da likita zai fara tambaya kenan.

Makarin ba ɗaya ba ne. Dichlorvos, wanda ake rubutawa DDVP, jijiyoyi yake kamawa, yawu da gumi su yi ta zuba, atropine ake ba mutum.

Amma akwai tsofaffin magungunan ƙuda na dangin thiocyanate irin su Lethane da Thanite, a shekarun 1930 aka fara amfani da danginsu, galibi a kananzir ake narkawa. Su in sun shiga jiki hanta ce ke sako wani sinadari mai guba, cyanide, daga cikinsu, shi kuma ya hana jiki amfani da iskar da aka shaƙa, sai numfashi ya rikice, har da jijjiga. Maganin wannan daban ne gaba ɗaya, da hoton ba za a tsaya lalube ana kashe kuɗin gwaji ba.

Don Allah kar a ɗura masa manja ko madara, kar a sa shi amai, kananzir na iya faɗawa huhu. A cire kayan da suka jiƙe, a wanke fata da sabulu, sai asibiti.

Inda dabarar ba ta aiki shi ne otapiyapiya, maganin ƙwarin da ake haɗawa a ɗura a kwalba ba rubutu. Wannan kam kar ku saya. In ya riga ya shigo gida, ku tafi da kwalbar gaba ɗaya.