Kumbonku Ba Zai Tashi Ba: Kurakuran Masu Rubuta Labaran Sararin Samaniya

Tun da waya ta yi araha, gidajen kallo kuma suka fara saka finafinan fassara na yaƙin taurari, samarin ƙauyukanmu na wajen Ringim suka tsunduma rubuta labaran sararin samaniya. Abin ya yi mini daɗi, domin mun sha labarin kishiya da na ɗan mai kuɗi har ya ginshe mu. Da yake ni ke koyar da fiziks a sakandaren garinmu, ni suke turo wa ta WhatsApp in duba. Labaran na da armashi, Hausar wasunsu ma ta fi tawa. Kumbunan da makaman da ke ciki su ne ke sa ni ciwon kai. Abin da na gyara wa wannan yau, shi wancan zai kawo mini gobe, kamar sun haɗa baki. To ga shi na rubuta a wuri guda, duk wanda ya sake turo mini kumbo mai fukafuki wannan zan tura masa.

Bari in fara sallamar ƙananan. Ƙara ba ta tafiya sai a cikin iska ko ruwa ko wani abu mai jiki, sararin samaniya kuwa fanko ne, don haka jaruminka ba zai ji rugugin kumbon da ya fashe a gefensa ba. Fukafuki ma iska suke takawa. Kumbon Amurka da ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011 yana da su ne saboda yana dawowa ƙasa ya sauka a kan titi irin na jirgin sama. Wanda ya sauke mutane a kan wata a 1969 kuwa ko ɗaya ba shi da shi, ƙafafu huɗu ne da jiki mai kusurwa-kusurwa, ba kyan gani ko kaɗan, kuma ya yi aikinsa. In kumbonka a can sama aka ƙera shi kuma a can zai mutu, cire masa fukafukan. Hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai, wato zafi.

Kusan kowane ɗayanku yana rubuta cewa sararin samaniya sanyi ne da shi mai daskarar da jini, sai ya ɗora wa kumbonsa inji mai ƙarfin haska dukan Kano, ya ƙara masa bindigogin leza goma, wato masu harba haske, ya rufe shi ruf da sulke, ya zuba mutane ɗari a ciki. Ina zafin yake zuwa? Ba wanda ya taɓa ba ni amsa a karon farko. Ku ɗauki filas ɗin shayi. Abin da ya sa shayin da aka zuba da asuba yake kaiwa la'asar da zafinsa shi ne tsakanin kwalba ta ciki da ta waje an zuƙe iska, zafin ya rasa abin da zai bi ya fita. Kumbo a sararin samaniya a cikin irin wannan filas ɗin yake zaune. Ba iskar da za ta kaɗa shi, ba ruwan da za a watsa masa, fanka ba ta da abin da za ta hura. Hanya ɗaya ta rage masa, ya fitar da zafin ta hanyar haske daga fatar jikinsa, ita kuwa hanya ce mai nawa, sai da fili mai faɗi.

Shi ya sa idan kuka duba hoton tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa za ku ga fararen faifai manya-manya ban da na sola. Lagireto ne, ana zagaya amoniya a cikinsu tana kwaso zafi daga ciki. Wancan kumbon Amurka mai fukafuki, da ya isa sama abin da ake fara yi shi ne buɗe ƙofofin bayansa, saboda lagiretonsa a jikin ƙofofin yake. A 1973 tashar Skylab ta rasa garkuwar da ke kare ta daga rana tun wajen harbawa, zafin cikinta ya haura digiri 50, sai da 'yan sama jannati suka je suka kafa mata wata irin lema kafin a iya zama a ciki. Wannan fa tasha ce da ba ta harbin kowa. Injin nukiliya irin na tashoshin lantarki kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ne ke zama wuta, ragowar zafi ne da dole a zubar. Mafi yawan leza ma abin da ke zama zafi a cikinta ya fi abin da ke fita ta baki. Kumbon yaƙinku mai santsin jiki, kafin abokin gaba ya taɓa shi ya riga ya dafa mutanensa.

Wannan kuskuren ya ci mini kuɗin riɗi na shekara guda. Ɗan yayata ya rubuta labari mai kyau, na ɗauki nauyin buga shi a wata maɗaba'a a Kano, har na rubuta masa gabatarwa da sunana da na aikina. Bayan na gama dubawa ashe ya ƙara babi na ƙarshe, inda kumbon jarumi ya kashe fitilunsa ya laɓe a duhu, rundunar maƙiya ta wuce ta gefensa ba ta gan shi ba. Ranar da muka raba littafin a ƙofar gidan dagaci, wani tsohon ɗalibina da ke karatun injiniya ya buɗe shafin, ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Malam, ba kai ka koya mana cewa duk abu mai ɗumi yana fitar da hasken da ido ba ya gani ba? Na'ura ai za ta hango shi daga nesa." Na juya wajen ɗan yayar tawa na ce yaushe wannan babin ya shigo. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, a fim na gani." Na hana a sayar da sauran. Suna nan a ɗaure a ɗakin ajiya, gara ta fara da na ƙasa.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini labari sai ya zana mini kumbon a takarda ya nuna mini lagireto da yatsa. In ba shi, ba na karanta shafi na biyu. Wasu sun ce na cika tsanani, cewa mai karatu ba ruwansa da lagireto. Su je su bugo da kuɗinsu. Ni dai na ga lagireto yana ƙara wa labari daɗi ma: abu ne mai faɗi, marar kauri, ba ya ɗaukar sulke, don haka nan maƙiyi zai fara hari. Kwamandan da aka fasa wa nasa dole ya zaɓa, ko ya daina harbi ko ya gasa yaransa. Ga babi guda na ba ku kyauta.

Sai batun burki. Kuna rubuta "mai ya ƙare, kumbon ya tsaya cak." A kan me ya tsaya? Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 har yau tafiya yake, kusan kilomita 17 a kowace daƙiƙa, ba tare da wani inji na tura shi ba, domin ba abin da zai tare shi. Dokar Newton ce ta farko, tun 1687 take a rubuce, kuma tana cikin littafinku na aji huɗu. Mai son tsayawa sai ya juya kumbon, baya ya koma gaba, ya kunna inji ya ƙona mai kwatankwacin wanda ya ƙona wajen ɗaukar gudun. Man kuma ba ɗan tanki ba ne a ƙarƙashin kujera. Rokar Saturn V da ta kai mutane duniyar wata tsawonta ya kai mita 110, nauyinta ya kusa tan 3,000, kusan kashi 90 cikin 100 mai ne da abin ƙona shi, ɗan ɗakin da ya dawo da mutum uku kuwa bai kai tan 6 ba. In za ka ƙirƙiro wani inji na almara da bai buƙatar haka, na yarda, amma ka faɗa tun farko. Ni ƙa'idata ita ce ƙarya ɗaya nake yafe wa kowane labari. Ka zaɓi taka, saura su bi doka.

Mu zo kan ƙaton mutum-mutumi mai ƙafa biyu, wanda na rasa abin da ya sa kuke ƙaunarsa haka. Wani ya turo mini labarin da irin wannan dodon ƙarfe mai tsawon mita 20 ya taso daga Hadeja ya ratsa fadama da gudu a watan Agusta. A watan Agusta! Kai ɗan manomi ne, ka san abin da fadama ke yi wa tarakta a wannan lokacin, amma da ka ɗauki waya sai ka manta. Lissafin ba wuya, masanin kimiyya Galileo ya bayyana shi tun 1638. Idan ka ninka tsawon abu sau 10 ba ka sauya siffarsa ba, nauyinsa ya ninku sau 1,000, faɗin tafin ƙafarsa kuwa sau 100 kacal. Kenan kowane taku yana danna ƙasa sau 10 fiye da na mutum, tun ma ba a sa nauyin ƙarfe a lissafin ba. Taku na farko zai nutse har gwiwa. Gwiwar ma ita ce matsala ta biyu, harsashi ɗaya a nan ya gama da shi, ga tsawo da ke sa a hango shi daga ƙauye na uku. Tankar yaƙi gajeruwa ce mai faɗin sarƙa, kuma ba don masu ƙera ta sun rasa basira ba ne.

Kada ku ce ni kaɗai ke faɗa, manyan ƙasashe sun gwada wannan haukan da kuɗinsu. A 1915 Rasha ta ƙera wata motar yaƙi mai tayoyin gaba biyu masu tsawon mita 9. Wajen gwaji ƙaramar tayar baya ta kafe a ƙasa mai laushi, nan aka bar ta tana tsatsa har aka yanka ta. Jamus ta ƙera tankar Maus mai tan 188, gadoji ba sa iya ɗaukarta, ba ta taɓa tsinana komai a fagen daga ba. Ta kuma ƙera igwar Gustav mai tan 1,350, faɗin bakinta santimita 80, harsashinta ɗaya ya kai tan 7. Da aka kai ta yaƙi birnin Sebastopol na Tarayyar Sobiyet a 1942 sai da aka shimfiɗa mata layin dogo na musamman, dubban mutane suka yi makonni suna hidimarta, ta harba abin da bai kai harsashi 50 ba. Saboda haka in ka rubuta makami ɗaya tilo mai girman gari wanda dukan daula ta dogara da shi, ka rubuta mini har da masu ba shi mai, da masu gyara, da masu dafa wa masu gyaran abinci. Abin da nake yi shi ne in tura marubucin wajen mai walda a kasuwar garinmu da zanen a hannu, ya tambaye shi ta ina za a kwance wannan in ya lalace. Yawanci da dariya ake koro su.

Leza gudun haske take yi, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Jarumin da ya "hango ta tana zuwa ya goce" ƙarya yake, ganinta da isowarta lokaci ɗaya ne. Ba a kuma ganin layinta daga gefe inda babu ƙura ko hayaƙi.

Takobin haske ban hana ba, yana da kyau a ido. Amma ka gaya mini me ya tsayar da hasken a kamu biyu, me kuma ya sa mutumin da ke da bindiga zai matso kusa da mai takobi.

Ɗakin kwamanda kuma ku daina ɗora shi a ƙololuwar kumbo da ƙatuwar taga ta gilashi. A 1983 ɗan ɓawon fenti ya bar tabo a tagar kumbon Challenger har sai da aka sauya ta. Ku sa shi a tsakiyar ciki, ya yi kallo ta kyamara.

Bindiga mai harsashi tana aiki a can, domin albarushi da abin ƙona shi yake tafe. Sai dai tana tura mai harbi baya, shi kuma ba ƙasar da zai dogara. Tarayyar Sobiyet ta taɓa ɗaura ƙaramar igwa a jikin tasharta Salyut 3 da aka harba a 1974, kuma kafin a saita ta sai an juya tashar gaba ɗaya. Ba a gwada harba ta ba sai da babu kowa a ciki.

Wanda ya fasa kumbon maƙiyi kuma kada ya ratsa ta wurin yana murna. Tarkacen ba ya faɗuwa ko'ina, yana nan yana gudu. A 2007 Sin ta harbe wani tsohon tauraron ɗan'adam nata, ya tarwatse gida fiye da 3,000 da ake iya bin sawunsu, da yawansu har yanzu suna zagaya duniya, wasu kumbunan na kauce musu.

Masu sa kumbo ya yi shekara ɗari yana tafiya ba abin da ya lalace, ku tuna da namu. Tauraron sadarwar Nijeriya, NigComSat-1, an harba shi a 2007, a 2008 ya mutu saboda matsalar faifan solarsa, ba wanda ya harbe shi. Ku sa makanike a cikin ma'aikatan kumbon, ku ba shi suna, ku ba shi akwatin kayan aiki da ɗakin ajiye safaya.