Masu kwangilar gini, ku zana aikin tukuna

Salam 'yan uwa na Agege da Idi-Araba. Kafin ku yi wa mai gida alƙawarin rana, ku samu takarda, kowane aiki a sa shi cikin akwati da kwanakin da zai ci, sai a ja kibiya zuwa aikin da ke jiransa. Misali ba a filasta sai an gama binne bututun waya da na ruwa, dekin kuma, wato rufin kankare, sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, ba yadda za ka yi da shi. In kun bi kibiyoyin daga farko zuwa ƙarshe, layin ayyukan da kwanakinsa suka fi yawa shi ne ranar gamawarku, in ya makara komai ya makara. Odar tagogi kam tana iya tafiya a gefe. Ku ƙara kwanaki saboda ruwan Yuni da gosulon Apapa.